Tafiyar hutu da uwargida zuwa tsibiri: Zanzibar ko Maldives?

Baban_Ilham

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa fita hutu da iyalinsu zuwa ɗaya daga cikin tsibiran nan na tsakiyar teku. Ni ma'aikaci ne a nan Gombe, kuma tun da muka yi aure ni da uwargida ba mu taɓa yin tafiya mu biyu kaɗai ba, in ban da ta biki ko ta ta'aziyya. Na daɗe ina tara abin da ya sauwaƙa domin in kai ta inda za ta huta da girki da hidimar yara, ta kuma ga teku da idonta. Hutuna na shekara zai faɗo a watan Afrilu, kuma zuciyata ta rabu tsakanin Zanzibar da Maldives. Ina so a faɗa mini yadda ake samun biza, da lokacin da ya fi dacewa, da kuma irin masaukin da mace mai hijabi za ta sake a cikinsa ba tare da takura ba.

Injiniya_Kumo

Wa alaikumus salam Baban Ilham, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan niyya. Abin da zan fara ja maka kunne a kai shi ne watan da ka ambata. A Zanzibar babbar damina tana sauka ne daga Maris zuwa Mayu, kuma Afrilu ne tsakiyarta, har wasu otal-otal na bakin teku sukan rufe a lokacin su yi gyare-gyare. Farashi yana sauka ƙwarai, amma mutum yana iya wuni a ɗaki yana kallon ruwan sama. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Yuni zuwa Oktoba, saboda babu ruwa sosai kuma zafi yana raguwa. Akwai ƙaramar damina a wajen Nuwamba, sannan Janairu da Fabrairu rani ne mai zafi. Maldives kuwa nasu ranin yana kamawa ne daga Disamba zuwa Afrilu, saboda haka idan ba za a iya ɗaga hutun ba, ta fuskar yanayi can ya fi dacewa da kai. Idan kuma ofis zai yarda ka mayar da hutun zuwa Yuli ko Agusta, to Zanzibar zan zaɓar maka ba tare da dogon tunani ba.

Hajiya_Wunti

Malam Baban Ilham, kafin a yi nisa da maganar yanayi, a duba maganar takardu, domin nan ne mutanenmu suka fi cin tuntuɓe. Zanzibar ɓangare ne na ƙasar Tanzaniya, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Sai an nema ta intanet tun daga gida, an jira hukumar shige da fice ta can ta amince, kuma wannan jira yana iya ɗaukar makonni. Kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin amsa ta fito. Bayan biza, tun daga 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa duk baƙon da zai shiga ya sayi inshorar tafiya daga kamfanin inshora na gwamnatinta, dala 44 ga kowane babba, ko da kuwa yana da wata inshorar daga gida. Ku biyu ke nan dala 88, a sa ta cikin lissafi.

Maldives a nan ta fi sauƙi, domin a filin jirgi ake buga wa baƙo izinin kwana 30 kyauta, muddin yana da tikitin dawowa da shaidar cewa ya kama masauki. Akwai fom ɗin bayanan matafiyi da ake cikewa ta intanet gab da tafiya. A duka wuraren biyu ku tabbata fasfo ɗinku yana da sauran aƙalla wata 6, ku kuma riƙe takardar shaidar aure, musamman idan sunan mahaifinta ne a fasfo ɗinta kamar yadda yake ga yawancinmu.

Nas_Azare

Ina ƙara wa Hajiya da katin rigakafin zazzaɓin shawara, wato katin nan mai launin ruwan ɗorawa. Duk wanda ya fito daga Najeriya ana iya tambayarsa a ƙasashen biyu. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka ba ranar tafiya ake yin ta ba, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa mutum tsawon rayuwarsa. A je ofishin kiwon lafiya na tashoshin shiga ƙasa a yi allurar da gaske a karɓi katin, kada a saya a hannun dillali.

Ɗan_Alkaleri

Ni dai da girmamawa nake tambaya, me ya hana ku fara da Yankari? Daga Gombe tafiyar mota ce ta 'yan sa'o'i, babu biza, babu canjin dala. Ruwan Wikki garau yake har kana ganin rairayin ƙasansa, ɗuminsa yana nan a wajen digiri 31 rani da damina, ga giwaye da gwanki da birai a daji. Kuɗin tikitin mutum ɗaya zuwa waɗannan tsibirai zai ishe ku dogon hutu a can, har ku yi wa yara tsaraba. Yana damuna ƙwarai yadda muke kwashe kuɗinmu mu kai wa wasu ƙasashe alhali namu wurin yana neman baƙi.

Ummu_Khalil

Ɗan Alkaleri, maganarka tana kan hanya, kuma duk ɗan Bauchi yana alfahari da Yankari. Amma ka sake karanta abin da bawan Allahn nan ya rubuta, cewa ya yi yana so matarsa ta ga teku. Sannan akwai abin da maza ba su cika lura da shi ba: matuƙar mace tana inda mota za ta iya kai ta gida a wuni ɗaya, to hutunta bai cika ba, domin za a kira a ce yaro ya ƙi cin abinci, ko an yi baƙi daga ƙauye, ko an haihu a maƙwabta, kuma ba za ta iya cewa ba za ta koma ba. Nisan shi kansa yana cikin abin da ake biya. A je Yankari da yara a hutun makaranta, wannan tafiya kuwa a bar ta yadda ya yi niyya.

Alhajin_Bajoga

Ni na je Maldives da iyalina, kuma zan faɗi abin da ba a rubuta shi a ƙarƙashin hotunan nan masu ɗaukar ido. Ƙasar ƙananan tsibirai ce sama da 1,000, kuma tsarin manyan masaukansu shi ne otal ɗaya ya mamaye tsibiri ɗaya. Ma'anar wannan ita ce da zarar ka sauka babu kanti, babu gidan abinci, babu mai shayi, sai abin da otal ya sayar maka a farashin da ya ga dama, hatta ruwan sha. Na biyu, filin jirgin sama na Velana yana kusa da babban birnin ne, Male, kuma daga nan sai an ɗauke ku zuwa tsibirinku da jirgin ruwa mai gudu ko da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Wannan ɗauka kuɗinta dabam ne, kuma idan tsibirin yana da nisa tana iya kusantar kuɗin kwanaki na ɗaki. Ƙananan jiragen nan da rana kawai suke tashi, don haka wanda jirginsa ya sauka da daddare sai ya kwana kusa da filin jirgi ya sake biyan wani masaukin. Na uku, farashin da kake gani a shafin intanet sau da yawa ba a ɗora masa kuɗin hidima na kashi 10 cikin 100 ba, da harajin gwamnati, da harajin muhalli da ake lissafa wa kowane mutum a kowane dare. Ka rubuta wa otal ɗin su aiko maka da jimillar ƙarshe a rubuce kafin ka tura ko sisi.

Wurin yana da kyau, ban musa ba, kuma shirunsa yana kwantar da rai. Amma ga ma'aikacin da ya tara kuɗinsa da gumi, ina jin tsoron ya dawo da bashi.

Matafiyi_Misau

Alhaji, ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa haka yake game da manyan otal-otal, sai dai akwai wata ƙofar. Tun wajen 2009 aka ba mutanen ƙasar damar buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da suke zaune, kuma Maafushi ce ta fi suna a cikinsu, ga ta ba nisa da Male. A irin waɗannan tsibirai ba a sayar da giya, akwai masallatai ana kiran salla, matan gari da lulluɓinsu, kuma inda Turawa suke wanka da 'yan kamfai an keɓe shi a gefe guda. Farashi ya yi ƙasa nesa ba kusa ba, kuma mutum zai iya fita ya ci abinci inda 'yan gari suke ci. Ga mai hijabi, ina ganin wannan ya fi babban otal sakewa.

Hajiya_Wunti

Tunda Matafiyi ya taɓo maganar hijabi, bari in amsa tambayar Baban Ilham ta uku, domin a ganina ita ce mafi muhimmanci, kuma mace ce ta fi cancanta ta amsa ta. Mutanen Zanzibar kusan dukkansu Musulmi ne. A cikin gari, a kasuwa, a tsohon birnin da ake kira Stone Town, hijabinki ba zai sa kowa ya ɗaga kai ya dube ki ba, ke ce ma za a yi wa sallama da fara'a. Inda abin yake canzawa shi ne cikin harabar manyan otal-otal na bakin teku, inda baƙi daga Turai suke kwance a rana kusan tsirara, ga kiɗa da shaye-shaye da daddare. Macen da ta tashi a Bauchi ko Gombe, idan aka sauke ta a tsakiyar wannan ba tare da an shirya ta ba, za ta shige ɗaki ne ta ƙi fitowa, kuɗi ya tafi a banza.

Shawarata ita ce a nemi ƙaramin masauki mai ɗakuna kaɗan, a guji wanda yake tallata kansa da casu. Idan aljihu zai ɗauka, a kama ɗakin da yake da ɗan wurin wanka nasa a killace, ko da na dare biyu ne na ƙarshe, domin a nan ne kawai za ta shiga ruwa hankali kwance. A sayi rigar iyo ta mata mai rufe jiki tun daga gida, a ɗauki mayafai marasa nauyi, saboda iskar teku tana da laima kuma hijabi mai kauri yana zama azaba. Sannan Malam, ka zaunar da ita ku kalli hotunan masaukan tare, ita ta zaɓa. Na san kana so ka ba ta mamaki, amma hutun nata ne, ita ta san inda za ta sake.

Malamin_Bolari

Allah ya yi wa Hajiya albarka. Ni abin da zan tunatar shi ne salla. Mu a nan mun saba fuskantar gabas, amma a Zanzibar alƙibla tana arewa ne kusan sak, domin tsibirin yana kudu da Makka, a Maldives kuwa arewa maso yamma take. A tambayi ma'aikatan otal ko a duba manhajar waya, kada a yi da ka. Agogon Zanzibar yana gaban namu da awa 2, na Maldives da awa 4. A mazhabarmu ta Malikiyya matafiyi yana ƙasaru a hanya, amma idan ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wuri ɗaya, sai ya cika sallarsa. Kuma a duba kalanda kada tafiyar ta faɗa cikin azumi, domin a cikin garin Zanzibar gidajen abinci da yawa suna rufewa da rana. Wanda yake da mata fiye da ɗaya kuma yake sha'awar irin wannan tafiya, ya tuna ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya.

Baban_Ilham

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, mata ɗaya gare ni. Hajiya, na karɓi shawararki, daren nan zan nuna mata. Na yi magana da shugabana a ofis, kuma akwai yiwuwar a mayar mini da hutun zuwa Agusta. Idan haka ta tabbata, wane ɓangare na Zanzibar ya kamata mu sauka, kuma ta ina ake bi daga nan?

Injiniya_Kumo

Daga Gombe ko Bauchi sai ka fara isa Abuja ko Kano. Jirgin Habasha, Ethiopian Airlines, yana tashi daga biranen biyu ya yada zango a Adis Ababa, daga nan a sauya jirgi zuwa filin Abeid Amani Karume na Zanzibar. Ka isa garin da za ka tashi tun jajiberin tafiya, kada ka dogara da jirgin cikin gida na safiyar ranar, domin idan ya makara babban jirgi ba zai jira ka ba.

Game da inda za a sauka, akwai abin da mu mutanen tudu ba mu sani ba sai mun gani: teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a kowace rana. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani da Matemwe, idan ruwa ya janye yakan yi nisa ƙwarai, ya bar fili na rairayi da duwatsun murjani, sai ka ga matan ƙauye sun shiga suna aikin gonakinsu na ciyawar teku. Abin kallo ne mai kyau, kuma wajen ya fi shiru, amma wanda yake son shiga ruwa sai ya jira sa'o'i. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya janyewa da nisa, ana iya shiga kusan kowane lokaci, kuma daga can ake ganin faɗuwar rana a kan teku, sai dai can ne cunkoso da hayaniya suka fi yawa. Daga filin jirgi zuwa Nungwi tafiyar mota ce ta wajen awa ɗaya da rabi, don haka ka sa otal ya turo mota, ko ku gama ciniki da direba kafin ku shiga.

Da ni ne, zan raba hutun biyu. Zan fara da dare biyu a Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, mu zaga lungunansa da ƙofofinsa na katako masu sassaƙa, mu ci abincin dare a dandalin Forodhani, mu je gonakin kayan ƙamshi inda uwargida za ta ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin itatuwansu. Sauran kwanakin sai a koma bakin teku a huta.

Malamin_Bolari

Idan kun samu sarari ku je Kizimkazi a kudancin tsibirin. Akwai tsohon masallaci a can mai rubutun Kufi (wani tsohon salon rubutun Larabci) a bangonsa da ke ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107.

Ummu_Khalil

Ban ga wanda ya yi maganar abinci ba. Otal-otal suna da tsari iri-iri: akwai mai karin kumallo kawai, akwai mai karin kumallo da abincin dare, akwai kuma wanda aka haɗa komai har abin sha. Wannan na ƙarshe yana da tsada ne saboda giyar da aka lissafa a ciki, ku kuwa ba sha za ku yi ba, don haka za ku biya wa wasu ne. A Zanzibar na tsakiyar ya wadatar, da rana ku fita ku ci shinkafar pilau ko biryani da kifi a gari. A babban otal na Maldives kuwa, kamar yadda Alhajin Bajoga ya bayyana, babu inda za a fita, don haka can haɗa komai ɗin yana iya zama rangwame. A manyan otal-otal a riƙa tambaya kafin a ɗiba, domin wasu suna ajiye naman alade saboda Turawa, wasu kuma suna zuba giya a miya ko a kayan zaƙi. Wanda bai saba cin jatan lande da ƙaguwa ba ya fara da kaɗan. Ku tafi da yajinku a cikin roba mai murfi, ba a leda ba, domin Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun Yunin 2019.

Nas_Azare

Ina roƙon a ɗauki maganar ruwa da muhimmanci. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a kogi ko a madatsar ruwan Dadin Kowa ya koya, kuma teku dabam ne, yana da igiya da ja ta ƙarƙashi. Duk kwalekwalen da za ku shiga, zuwa tsibirin Changuu ne wajen manyan kunkuru ko yawon kallon kifaye, ku ga rigar hana nutsewa da idonku ku saka ta kafin a tashi, idan babu ku fasa. A sa takalmin roba idan za a taka cikin ruwa a gabashi, saboda akwai wata halitta mai ƙayoyi da ke maƙale a duwatsu. Rana tana ƙona fatar baƙin mutum ma, a shafa man kariya. A sha ruwan gora kawai, a kwana cikin gidan sauro, a kuma ga likita kafin tafiya idan uwargida tana da juna biyu.

Ɗan_Alkaleri

Na ji bayanin Ummu Khalil kuma na fahimta, ko da yake har yanzu ina ganin mai ƙaramin ƙarfi ya fara da gida. Tambayata ga waɗanda suka je ita ce, yaya ake yi da kuɗi, tunda katin naira ba kullum yake aiki a waje ba?

Alhajin_Bajoga

Ɗan Alkaleri, hanya mafi aminci ita ce a biya ɗaki da tikiti tun daga gida da katin asusun dala, sannan a riƙe guzuri a hannu. A karɓi sababbin takardun dala masu tsabta a wajen 'yan canji, domin tsofaffi da yagaggu ana ƙin karɓarsu a can. Da an sauka Zanzibar a canza wani kaso zuwa shilin ɗin Tanzaniya saboda mota da kasuwa da ɗan alherin ma'aikata. A raba kuɗin gida biyu, wani a hannun miji wani a hannun mata, a kuma ware abin da ba za a taɓa ba sai larura. Akwai harajin kwana da ake karɓa a otal, a tambaya ko yana cikin farashin. Samarin da ke bin baƙi a bakin teku suna tallar yawon kwalekwale kuwa, a amsa musu da mutunci, amma kada a ba kowa kuɗin kafin alƙalami a kan tafiyar gobe.

Matafiyi_Misau

Har yanzu ban sauka daga kan Maafushi ba. Idan aka haɗa jiran bizar Tanzaniya da inshora da yiwuwar ofis ya ƙi ɗaga hutun, Afrilu a Maldives ya fi tabbas. Ta Doha ake bi da Qatar Airways, kuma ya kamata Baban Ilham ya kwatanta kuɗin tikitin hanyoyin biyu kafin ya yanke.

Hajiya_Wunti

Matafiyi, Maafushi ƙaramin tsibiri ne da za a zagaye shi da ƙafa cikin ɗan lokaci, kuma wanda bai iya iyo ba zai rasa abin yi bayan kwana biyu. A Zanzibar akwai gari, akwai kasuwa, akwai dajin Jozani da jajayen biransa. Amma mu jira mu ji abin da mai ɗakin ta ce.

Baban_Ilham

Mun zauna mun duba tare. Hotunan Maldives sun fi burge ta, amma da ta ji maganar gonakin kanumfari da kasuwa sai ta karkata zuwa Zanzibar, kuma ta fi son gabashi saboda shirunsa. Abin da ya fi damunta shi ne yaran, musamman ƙaramar da ba ta taɓa kwana ba tare da ita ba, ko da yake Inna ta ce a kawo mata su. Ranar Litinin zan ji amsar ofis. Injiniya, idan Agusta ta tabbata, yaushe ya kamata in shigar da neman bizar, kuma shin sai na kama ɗaki kafin in nema?